Shafin intanet na kasuwanci: Me ake dubawa kafin a zaɓi samfuri?

A ranar 4 ga watan Oktoban shekarar 2021, shafukan Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke ɗif a duk faɗin duniya har na kimanin sa'o'i shida, wato tun daga bayan la'asar zuwa dare a agogon Najeriya da Nijar.

Masu ƙananan sana'o'in da dukkan cinikinsu ya rataya a kan waɗannan shafuka sun rasa hanyar magana da abokan hulɗarsu a tsawon wannan lokaci.

Lamarin ya faru ne yayin da shafin Twitter ke dakace a Najeriya bisa umurnin gwamnati, dakatarwar da ta fara a watan Yunin 2021, ba a kuma ɗage ta ba sai a watan Janairun 2022.

Al'amuran biyu sun tunatar da 'yan kasuwa cewa duk wanda ya kafa tebur a rumfar wani, to ranar da aka rufe rumfar cinikinsa ya tsaya. Ɗaya daga cikin hanyoyin kauce wa haka ita ce kamfani ya mallaki shafinsa na kansa a intanet.

Sai dai kuma ɗauko ƙwararre ya gina shafi tun daga tushe aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa kamfanoni da dama, musamman ƙanana, kan nemi samfurin da aka riga aka tsara, su zuba bayanansu a ciki.

Zaɓen samfurin kan ɗauki 'yan mintoci kawai, amma sakamakonsa kan bi kamfani shekara da shekaru.

Mene ne samfuri?

Samfurin shafi wani tsari ne da mai zane ya shirya tun bai san wanda zai yi amfani da shi ba. Shi ne ya tsai da launuka, da siffar harufa, da inda hotuna za su zauna, da kuma wurin da sunan kamfani da farashin kaya za su fito.

Ana iya kwatanta shi da ɗinkakkiyar riga da ake saye a kasuwa: ta fi sauƙin kuɗi, ba a kuma jiran tela, amma ba da awon mai ita aka yanka ta ba.

Shafin intanet na farko, wanda Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a a shekarar 1991 daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Geneva, rubutu ne zalla ba hoto ko ɗaya. Shekaru bayan nan ma, sai wanda ya iya harshen kwamfuta ne ke iya gina shafi.

Abubuwa sun ƙara sauyawa bayan da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da manhajar WordPress a shekarar 2003. A shekarar 2005 manhajar ta shigo da tsarin da ya raba abin da aka rubuta da rigar da aka sanya masa, ta yadda za a iya sauya kamannin shafi ba tare da an taɓa rubutun ba.

Kamfanin W3Techs mai ƙididdigar fasahohin intanet ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su.

A yau hanyoyi biyu ne a gaban ɗan kasuwa. Ta farko ita ce ya yi hayar masaukin da shafinsa zai zauna, ya ɗora masa WordPress, sannan ya zaɓi samfuri daga dubban na kyauta da ke rumbun manhajar, ko kuma ya saya a kasuwa irin ta ThemeForest, wadda kamfanin Envato na ƙasar Ostireliya ya buɗe a shekarar 2008.

Hanya ta biyu ita ce ya je ga kamfanonin da ke haɗa masauki da samfuri a dunƙule, suna karɓar kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Daga cikinsu akwai Wix na Isra'ila, da Squarespace na Amurka, da kuma Shopify na Kanada.

Kyan ɗan maciji

Duk mai sayar da samfuri kan ajiye shafin gwaji domin jawo hankalin masu saye, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe.

Abin da ke ƙayatar da shafin gwaji galibi hotuna ne da ƙwararrun masu ɗaukar hoto suka ɗauka, tare da gajerun kalmomi da aka auna su daidai da gurbinsu. Sau da yawa masu sayarwar kan rubuta a ƙasa da ƙananan harufa cewa hotunan ba sa cikin cinikin.

Da zarar ɗan kasuwa ya cire su ya sanya hotunan da ya ɗauka da wayarsa a cikin shago, ya kuma zuba dogon sunan kamfaninsa a gurbin da aka tanada domin kalma ɗaya, sai ya ga shafin ya koma wani abu dabam.

Saboda haka masu zana shafuka kan ba da shawarar a fara da takarda da alƙalami. Mai kamfani ya rubuta abin da yake so wanda ya shigo shafin ya aikata kafin ya fita, da kuma bayanan da zai buƙata kafin ya aikata hakan.

Alal misali, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari na Kano yana buƙatar samfurin da zai jera ɗaruruwan hotuna da farashinsu, ya kuma bar mai saye ya tace su ta launi ko ta nau'i.

Shi kuwa dillalin riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau mai neman masu saye daga ƙetare, 'yan shafuka kaɗan sun ishe shi: irin kayan da yake da su, ingancinsu, mafi ƙarancin abin da zai iya sayarwa, da yadda za a tuntuɓe shi.

Makaranta mai zaman kanta takardar neman shiga da jadawalin zangon karatu take buƙata, otel kuma hanyar kama ɗaki.

Akwai samfuran da ake tallatawa da cewa sun dace da kowace irin sana'a. Irin waɗannan kan zo da kayan aikin otel da na asibiti da na kanti duk a jiki ɗaya, kuma wani ɓangare na wannan nauyi kan bi shafin ko da mai shi bai yi amfani da su ba.

Wayar mai saye

Mai kamfani kan zaɓi samfuri ne a kan faffaɗan allon kwamfutar ofis, alhali mai saye da wayar salula zai buɗe shafin.

A shekarar 2010 wani mai zanen shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar gina shafin da zai riƙa miƙewa yana tsukewa da kansa gwargwadon girman allon da aka buɗe shi a kai. Wannan dabara ce kusan dukkan samfuran zamani ke ikirarin bi.

Kamfanin StatCounter ya sanar cewa a watan Oktoban 2016, a karon farko, wayoyi da ƙananan kwamfutocin hannu sun zarta kwamfutocin tebur wajen shiga intanet a duniya, da kashi 51.3 cikin 100. A Najeriya da Nijar kuwa, waya ce hanyar da akasarin jama'a ke shiga intanet.

Shi ma shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google ya bi sahu. Tun daga watan Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da suka dace da waya ga masu bincike ta waya, kuma a watan Oktoban 2023 ya sanar da kammala komawa ga tsarin auna shafuka ta yadda suke bayyana a waya.

Ma'ana, samfurin da ya yi kyau a kwamfuta amma ya hargitse a waya na iya jefa kamfani can ƙasa a jerin sakamakon bincike.

Sai kuma batun sauri. Wani bincike da Google ya fitar a shekarar 2016 ya gano cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi ta waya kan juya idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Ma'aunin da kamfanin ke amfani da shi a yanzu shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Nauyin shafi kuɗi ne ga mai saye. Alƙaluman cibiyar HTTP Archive na shekarar 2024 sun nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2, kuma samfurin da ke da bidiyo da manyan hotuna masu wucewa a goshinsa na iya ninka hakan sau da dama.

Idan kowane shafi na cin megabait 10, to mai sayen da ya duba shafuka goma ya ƙone kusan kashi ɗaya cikin goma na gigabait ɗin da ya saya, tun bai sayi komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100.

Gwajin ba shi da wahala. Ana buɗe shafin gwajin samfurin da waya mai sauƙin kuɗi, da datar layin waya, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, a kuma duba ko rubutun na karantuwa a cikin rana, ko maɓallan na dannuwa da babban yatsa. Kazalika akwai ma'aunin kyauta na Google mai suna PageSpeed Insights, wanda ake liƙa masa adireshin shafi ya bayyana inda yake da nauyi.

Harufa da hanyar biya

Akasarin samfuran da ke kasuwa an zana su ne da tunanin masu saye na Turai da Amurka, kuma hakan kan bayyana a wuraren da ba a zata ba.

Na farko shi ne harufa masu lanƙwasa na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a rubutun Hausa a Nijar. Nau'o'in harufan ado da yawa ba su ƙunshi waɗannan ba, don haka sai su fito a matsayin akwati, ko kuma da wata siffa da ta bambanta da sauran kalmar.

Cire lanƙwasar kuma na iya sauya ma'ana, domin kuwa ƙoƙo dabam koko dabam, haka nan ƙare da kare.

Wanda zai rubuta shafinsa da Hausa ya kamata ya gwada waɗannan harufa, manya da ƙanana, tare da alamar naira ta ₦, kafin ya yanke shawara. Idan samfurin ya gaza, a tabbatar yana ba da damar sauya harufan. Nau'in Noto na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk na kyauta ne kuma suna ɗauke da harufan Hausa.

Kantin littattafan addini, ko makarantar Islamiyya, ko kamfanin jigilar masu Umara da ke son sanya Larabci ko Ajami, na buƙatar samfurin da ya iya rubutu daga dama zuwa hagu. Masu sayarwa kan bayyana hakan a jerin siffofin samfurin idan yana da shi.

Na biyu shi ne karɓar kuɗi. Samfurin kanti da aka yi domin Amurka kan ɗauka cewa kowa da kati zai biya, kuma takardar adireshinsa na iya ƙin wucewa sai an rubuta lambar gidan waya, abin da masu saye da yawa a Kano ko Maraɗi ba su saba amfani da shi ba.

A Najeriya kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a shekarar 2015 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020, da Flutterwave da aka kafa a 2016, suna karɓar kuɗi da naira ta kati ko ta tura kuɗi daga banki. Dukansu suna aiki da WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafin WordPress kanti, don haka ya kamata a tabbatar samfurin ya dace da ita.

Haka kuma, tun da masu saye da dama sun fi son su yi magana da mai kaya su taya kafin su biya, samfurin da ke da wurin sanya lambar waya da maɓallin WhatsApp a inda ido zai gani nan take ya fi wanda ya ɓoye su a can ƙarshen shafi.

Wa zai ci gaba da kula da shi?

Samfuri manhaja ce, kuma duk manhajar da aka daina sabuntawa takan zama ƙofar masu kutse.

Abin da ya faru a shekarar 2014 ya isa misali. An gano wata ɓaraka a cikin Slider Revolution, wata ƙaramar manhaja mai sarrafa hotuna masu wucewa, wadda masu zane da yawa suka cusa a cikin samfuran da suke sayarwa.

Masu manhajar sun toshe ɓarakar tun a farkon shekarar, amma gyaran bai kai ga mutane da yawa da suka same ta a cikin samfuri ba. Wasunsu ma ba su san tana cikin shafinsu ba.

A watan Disamban shekarar, kamfanin tsaron intanet na Sucuri ya ba da rahoton cewa wata manhajar ɓarna da aka yi wa laƙabi da SoakSoak ta harbi shafuka fiye da 100,000, kuma Google ya sanya fiye da 11,000 a jerin waɗanda yake gargaɗin jama'a kada su shiga.

Wani misalin shi ne na Flash, fasahar da ta yi tashe a shekarun 2000 wajen ƙawata shafuka da zane mai motsi. Kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ranar 31 ga watan Disamban 2020, shafukan da suka dogara da ita kuma suka daina aiki.

Saboda haka akwai abubuwan da ake dubawa a shafin mai sayarwa: ranar da aka sabunta samfurin a karo na ƙarshe, yawan masu amfani da shi, ko mai shi na amsa koke-koken masu saye, da kuma adadin ƙananan manhajojin da sai an jona masa kafin ya yi aiki. Samfurin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba alama ce ta cewa mai shi ya yi watsi da shi.

Akwai kuma shafukan da ke raba samfuran kuɗi a kyauta bayan an fasa makullinsu, kuma wasu masu gina shafi kan ɗauko su su ɗora wa abokin ciniki ba tare da saninsa ba.

Baya ga batun haƙƙin wanda ya yi wahalar aikin, araha ba ta ado. A watan Nuwamban 2019 kamfanin Wordfence ya wallafa rahoto kan wata manhajar ɓarna mai suna WP-VCD, wadda ya ce tana cikin mafi yaɗuwa a shafukan WordPress a lokacin, kuma ta irin waɗannan fasassun samfura take shiga, wato masu shafukan ne da kansu ke ɗora ta.

Kutse na iya zama matsalar shari'a. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu tattara sunaye da lambobin waya da adireshin mutane alhakin tsare su.

Don haka mai kamfanin da ya ba wani aikin gina shafi yana da hujjar neman a nuna masa shaidar sayen samfurin, kuma da sunan kamfaninsa.

Ƙofar fita

Tambayar da aka fi mantawa da ita ita ce: idan kamfani ya girma, ko aka gaji da samfurin, yaya za a rabu da shi?

A Wix, alal misali, ba a sauya samfurin shafin da aka riga aka gina. Sai dai a buɗe sabon shafi a kwashe bayanai zuwa cikinsa, kuma ba a ɗauke shafin ɗungurungum zuwa masaukin wani kamfani.

A WordPress ana iya sauya samfuri rubutun ya zauna daram. To amma akwai samfuran da ke zuwa da nasu kayan gina shafi na musamman, waɗanda idan aka cire su sai rubutun ya cakuɗe da alamomin da ba su da ma'ana ga mai karatu, har sai an bi shafi ɗaya bayan ɗaya an gyara.

Kazalika duk gyaran da aka yi kai tsaye a jikin samfuri kan goge a ranar da aka sabunta shi. Hanyar da WordPress ta tanada ita ce a yi wani ƙaramin samfuri da zai gaji siffofin na asali, a riƙa yin gyare-gyaren a cikinsa.

Mafi muhimmanci shi ne adireshin shafin. Samfuri ana iya sauya shi, amma adireshin da aka buga a jikin buhu da katin kasuwanci shi ne sunan kamfani a intanet. Ko mai ƙarewa da .com ne, ko .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Najeriya, ko .ne na Nijar, wajibi ne rajistarsa ta kasance da sunan mai kamfanin, kalmomin sirri kuma su kasance a hannunsa.

Idan wanda ya gina shafin ne ya yi rajista da sunansa, to ranar da aka ɓata ko aka neme shi aka rasa, shafin ya tafi da shi.

Kuɗin da ba a gani a farko

Farashin da aka rubuta a jikin samfuri somin taɓi ne. A ThemeForest, lasisin da aka saba saye na shafi ɗaya ne tak, kuma taimakon da mai zane zai bayar na watanni shida ne, sai dai idan an biya ƙari.

Akwai kuma kuɗin masauki, da na sabunta adireshi a kowace shekara, da na wasu ƙananan manhajoji da ke ba da sashe kyauta su ɓoye sauran sai an biya.

Da yawa daga cikin waɗannan kuɗaɗe da dala ake biyansu. Kafin gwamnatin Najeriya ta saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana kusan naira 460, amma a cikin shekarar 2024 ta haura naira 1,500.

Wato mai biyan dala 20 a wata ya tashi daga kimanin naira 9,200 zuwa fiye da naira 30,000, ba tare da an ƙara masa komai ba. Lissafin da ya fi dacewa shi ne na abin da shafin zai ci a shekara uku.

Wannan ba ya nufin cewa samfurin kyauta ba shi da inganci. Waɗanda ke rumbun WordPress sai an tantance su kafin a karɓe su, kuma marar ado mai sauri daga cikinsu kan ishi ƙaramin kamfani.

Akwai masu fargabar cewa dubban kamfanoni na sanye da samfuri iri ɗaya da nasu. Amma mai saye ba kasafai yake lura da hakan ba. Abin da yake lura da shi shi ne rubutun Latin na cike gurbi da aka manta ba a goge ba, da hotunan Turawan da ba su taɓa taka ofishin ba, da farashin bara da ba a sauya ba.

A lokacin da jama'a ke ɗari-ɗari da 'yan damfara a intanet, irin waɗannan kurakurai kan sa mai saye ya rufe shafin. Hoton ainihin shagon, da adireshin da za a iya zuwa a tarar da mutum, da lambar wayar da ake ɗagawa idan an kira, su ne ke sa ya tura kuɗinsa, kuma babu samfurin da ke zuwa da su.